Yadda Ake Gwanjon Kwantan Kayan Kwalliya da Tsofaffin Kwalabe ta Intanet

Duk macen da ta taɓa shiga harkar sayar da kayan kwalliya na kamfanonin da ke tallata kayansu hannu da hannu, irin su Avon, Oriflame, Mary Kay, Forever Living ko Longrich, ta san yadda kaya ke yin kwantai. Wasu daga cikin kayan nan ana karɓarsu ne daga ofisoshin da ke Duwala da Yaunde, wasu suna shigowa ta Najeriya, wasu kuma 'yan'uwa mazauna Turai ne ke aiko su, amma ƙarshen labarin yakan zama ɗaya. Wakiliya takan sari kaya fiye da abin da unguwarta za ta iya saye domin ta kai wani mataki ko ta samu rangwame mai tsoka, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a tarar da kwalaye na man shafawa, hoda, jan baki, sabulu da turare jibge a ƙarƙashin gado, kuɗin adashi ko bashin dangi duk sun kwanta a ciki. A Garwa, Marwa, Ngaundere da Kuseri akwai gidaje da yawa da ke da irin wannan kwantai, kuma masu shi sukan ji nauyin fito da shi, suna jiran ranar da za a saya a farashin da ke cikin littafin kamfani. Wannan ranar ba ta cika zuwa ba, kayan kuma kullum darajarsu raguwa take yi. Gwanjo ta intanet hanya ce ta mayar da su kuɗi cikin sati ɗaya ko biyu, muddin an yi shi da tsari da gaskiya.

Kafin a ɗauki hoton ko da kwalba ɗaya, ya kamata mai kaya ta nemo takardar yarjejeniyar da ta sa wa hannu lokacin da ta yi rajista, ta karanta ta a natse, saboda dalilai biyu. Na farko, kamfanoni da dama suna da tsarin karɓar kayan da wakiliya ta kasa sayarwa idan za ta bar harkar. Ƙa'idar ƙungiyar irin waɗannan kamfanoni ta Amurka ta wajabta wa mambobinta su sake sayen kayan da ke da lafiya, waɗanda aka saya cikin watanni 12 da suka gabata, a kan aƙalla kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da wakiliya ta biya, kuma Mary Kay na cikin masu wannan tsari. Babu gwanjon da zai dawo wa mutum da kashi 90 na uwar kuɗinsa, don haka idan yarjejeniyar tana da irin wannan sharaɗi, kayan kuma ba su wuce wa'adin ba, ofishin kamfani ne wurin da za a fara zuwa. Dalili na biyu shi ne yawancin yarjejeniyoyin sun hana wakiliya mai rajista sayar da kaya a shafukan gwanjo ko karya farashi a bainar jama'a. Wadda ta riga ta yanke shawarar barin harkar ba ta da abin da za ta rasa, amma wadda ke son ci gaba da zama wakiliya tana iya rasa lambarta da duk abin da ta tara a ƙarƙashinta, saboda haka sai ta auna kafin ta fara.

Tantance kaya

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane cin lokaci, shi ne kuma wanda ba a tsallakewa. A shimfiɗa tabarma a ɗaki mai haske, a zazzage kwalayen duka, a ɗauki kaya ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. A jikin kowace kwalba ko bututu akwai alamomin da ke faɗin shekarunta. Wasu suna ɗauke da ranar ƙarewa a fili, bayan haruffan EXP ko kusa da hoton agogon yashi. Wasu kuma hoton ɗan buɗaɗɗen gwangwani ne a jikinsu, da lamba kamar 6M, 12M ko 24M, wato adadin watannin da kayan za su yi da lafiya bayan an buɗe su. Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar Tarayyar Turai, wadda ta ce kayan da ƙarkonsu bai wuce watanni 30 ba dole a rubuta musu ranar ƙarewa, waɗanda suka wuce haka kuma a sa musu alamar gwangwanin. Akwai kuma lambar rukunin da aka sarrafa kayan a ciki, wadda ake bugawa a gindin kwalba ko a bakin bututu inda aka manne shi, kuma ofishin kamfani na iya faɗin shekarar da aka yi kayan idan aka karanta musu ita.

Sai dai waɗannan ranakun an lissafa su ne bisa ajiya a wuri mai sanyi-sanyi, ba a ɗakin kwano a Garwa ba, inda zafin watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Saboda haka ranar da ke jikin kwalba ba ta wadatar, sai an haɗa da ido da hanci. Jan bakin da ya sha bazara biyu yakan yi gumi, a ga ɗigon mai a jikinsa, ko ya karkace ya jingina da murfi. Man shafawa yakan rabu, ruwa a sama, kauri a ƙasa, kuma ko an girgiza shi ba ya komawa yadda yake. Mai irin na fuska idan ya lalace yakan yi warin tsohon man gyaɗa. Turare yakan yi duhu, ƙamshinsa na farko ya koma tsami. Hoda busasshiya da sabulu sun fi jure zafi, maskara da man kare fata daga rana su ne suka fi saurin mutuwa. Duk abin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ko wa'adinsa ya wuce, ko an taɓa buɗe shi an gwada wa wata a fuska, a ware shi gefe, ba na sayarwa ba ne. Na san da wuya mace ta dubi bututun da ta biya sefa 6,000 ta ce ya tashi a banza, amma ƙurajen da zai fito wa maƙwabciya a fuska, ko ciwon idon da tsohuwar maskara za ta jawo wa 'yar wani, sun fi wannan kuɗin tsada.

A duba jerin sinadaran da ke bayan kwalba, musamman a kan mayukan da ke da'awar haska fata. A watan Agusta na 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa irin su haidurokwinon da makuri, ya kuma hana sarrafa su da rarraba su. Idan irin waɗannan sun cakuɗu da kayan mutum, ko da ba na kamfaninsa ba ne, kada su shiga gwanjo ko kaɗan.

Abin da ya tsira daga wannan tantancewa sai a kasa shi biyu: wanda ke da sauran shekara ɗaya ko fiye, da wanda wa'adinsa ya kusa, ya rage watanni uku zuwa shida. Na biyun halal ne a sayar da shi idan an faɗi ranar a fili, kuma shi za a fara fitarwa.

Tsofaffin kwalabe da kayan ado

Wannan kashi daban yake, domin zafi ba ya lalata gilashi da tangaran, babu kuma dalilin gaggawa. Kamfanin Avon ne ya fi shahara da irin waɗannan kaya. David McConnell ya kafa shi a Amurka a 1886, ya daɗe yana amsa sunan California Perfume Company kafin ya koma Avon a 1939. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin shekarun 1970 kamfanin ya riƙa zuba turaren maza da man aski a cikin kwalabe masu siffar motoci, jiragen ruwa, dabbobi da bindigogi, na mata kuma a cikin kwalabe masu siffar tsuntsaye da 'yan tsana. Ya kuma fitar da jajayen kofuna da farantan gilashi da ake kira Cape Cod daga 1975 zuwa 1993, da manyan kofunan tangaran masu murfi da aka ƙera a Burazil, da 'yan mutum-mutumin tangaran da ake bai wa wakilan da suka yi fice, masu ɗauke da sunan Misis Albee, wakiliyar kamfanin ta farko. Irin waɗannan sukan iso mana ta cikin kayan gwanjon Turai, ko a tarar da su a kabad ɗin iyaye da suka yi zama a waje.

Gaskiyar da ya kamata a sani tun da wuri ita ce yawancinsu ba su da tsada. An ƙera su da yawa ƙwarai, mutane kuma sun adana su da kwalayensu da zaton wata rana za su yi daraja, shi ya sa kasuwarsu ta cika, kwalba mai siffar mota takan tafi a kan daloli kaɗan. Masu ɗan tsada su ne tsofaffin da ke ɗauke da sunan kamfani na farko ko haruffan CPC, da kyaututtukan wakilai waɗanda ba a sayar wa kowa da kowa ba, da cikakken jeri wanda babu tsaga ko ɓantara a ciki. Hanyar gane farashi na gaskiya ita ce a shiga shafin gwanjo na intanet mai suna eBay, a rubuta sunan da ke gindin kwalbar, sannan a zaɓi a nuna kayan da aka riga aka sayar kawai. Farashin da masu kaya ke nema ba ya nuna komai, domin kowa na iya rubuta abin da ransa ke so; abin da aka biya a zahiri shi ne ma'auni. Kada a kankare takardar da ke manne a gindi, kada a jiƙa kwalbar da ke da fenti a ruwan zafi, kada kuma a yar da kwalin ko da ya tsufa, domin masu tara irin waɗannan kaya suna ƙara kuɗi saboda su.

A ganina, kwalbar da ba ta kai kuɗin aika ta Turai ba ta fi samun mai so a nan gida. Matan da ke haɗa humra da turaren wuta suna neman kyawawan kwalaben gilashi, masu jeren ɗakin amarya kuma suna son jajayen farantai da kofuna a cikin kabad, kuma waɗannan ba ruwansu da abin da ake biya a Amurka.

A ina za a yi gwanjon

eBay, wanda Pierre Omidyar ya buɗe a 1995, shi ne babban gidan gwanjo na intanet, kuma tsarinsa abin koyi ne: mai kaya yana sa farashin farawa, ya zaɓi tsawon gwanjo daga kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, yana iya ɓoye wani farashi wanda idan ba a kai shi ba babu ciniki, shafin kuma yana yanke la'ada da ta ɗan haura kashi 13 cikin ɗari a yawancin kaya, har da kuɗin aikawa a cikin lissafin. Amma ga mai zaune a arewacin Kamaru ko Cadi akwai shinge biyu. Na farko hanyar karɓar kuɗi: kada a sa kaya sai an tabbatar da cewa asusun da aka buɗe zai iya fitar da kuɗin har su iso hannu, kuma a san cewa sabon mai sayarwa ana taƙaita masa yawan kaya, ana kuma riƙe kuɗinsa na wani lokaci. Na biyu sufuri: turare mai barasa, jan farce da duk abin fesawa na gwangwani ana lissafa su cikin kaya masu kama wuta, gidan waya ba ya ɗaukarsu a jirgin sama zuwa wata ƙasa, shafin kuma ya hana sayar da kayan kwalliyar da aka riga aka yi amfani da su. Saboda haka eBay bai dace da mai da hoda da turare ba. Ya dace ne kawai da tsohon abu guda mai daraja wanda zai biya kuɗin masu aika saƙo irin su EMS ko DHL ya bar riba, kuma ya fi sauƙi idan akwai ɗan'uwa amintacce a Faransa ko Jamus da zai karɓi kayan ta hannun matafiyi, ya sayar da asusunsa, a biya shi la'adarsa. Lissafin ba shi da wahala, tun da yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957.

Ga sauran kayan, kasuwar tana kusa. Tun da Jumia, babbar kasuwar intanet, ta dakatar da harkokinta a Kamaru a watan Nuwamba na 2019, cinikin intanet na ƙananan 'yan kasuwa ya ƙara komawa WhatsApp da Facebook, kuma a nan ne gwanjon mai kwantai ya fi tafiya. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum har 1,024, amma ba yawa ake nema ba: mata 80 ko 100 da suka san mai kaya, ko suka san wadda ta san ta, sun fi dubu da aka tattaro ba da izininsu ba. A aika wa mutane gayyata su shiga da kansu, a faɗa musu cewa zauren na kwanaki ne kuma za a rufe shi bayan an gama. Mai yawan mabiya a Facebook tana iya yin gwanjon kai tsaye ta bidiyo, tana ɗaga kaya ana tayi a rubuce, sai dai wannan yana cin data da yawa, yana kuma buƙatar mutum na biyu da zai riƙa karanta tayi yana rubutawa. Ko wace hanya aka bi, a rubuta sunayen masu saye da lambobinsu a littafi na takarda. Mutanen Cadi ba su manta yadda aka toshe shafukan zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 ba, ɗaukewar wuta da yankewar sadarwa kuma ba baƙin abu ba ne a wurinmu.

Kasa kaya da sa farashi

Sayar da kaya 60 ɗai-ɗai gajiya ce, kuma ƙarshenta masu kyau su tafi, marasa farin jini su zauna. Abin da ya fi shi ne a ƙulla su kashi-kashi yadda kowane kashi zai yi ma'ana ga mai saye: sabulu da man jiki da turaren hammata a matsayin kayan wanka, hoda da jan baki da abin gira masu dacewa da launin fata ɗaya, ko babban kashi da zai shiga akwatin lefe. A kowane kashi a sa abu ɗaya da ake rububinsa, ya ja biyu da ba a cika nema ba. Launin hoda abin lura ne, domin kwantai da yawa hoda ce mai haske da aka yi don wata fata daban, kuma gara a faɗi haka a nemo mata mai ita da a tura ta ga wadda za ta dawo da ita cikin fushi.

Wurin sa farashi ne mutane suka fi cutar da kansu, saboda suna kallon abin da suka biya. Mai saye ba ta san wannan ba, ba ta kuma damu ba; abin da ta sani shi ne farashin makamancin kayan a babbar kasuwar Marwa ko ta Garwa. A ɗauki misali: kashin da ya ci wa mai kaya sefa 12,000, wanda a littafin kamfani ya kai 18,000. Idan aka fara da 12,000, zauren zai yi tsit. Idan aka fara da 4,000, ana ƙara 500 a kowane tayi, mutum uku ko huɗu za su shiga, kuma da zarar sun shiga sukan ture juna har 8,000 ko 9,000. Wannan faɗuwa ce a kan takarda, amma kuɗi ne a hannu daga kayan da nan da bazara mai zuwa ba za su kai ko sefa ɗaya ba. Farashin farawa ya zama mafi ƙarancin abin da mai kaya za ta iya sallamawa ba tare da ta ji an cuce ta ba, domin a gwanjo ba a cewa albarka bayan an yi tayi bisa ƙa'ida. A sa kuɗin cire kuɗi daga waya a cikin lissafi, tare da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da Kamaru ta ɗora a kan turawa da cirewa tun Janairun 2022, da kuɗin leda da kwali da ɗan acaɓa.

A ɗauki hoto da hasken safiya ko na la'asar, a inuwa, a kan farin ƙyalle, ba tare da wani ado na waya da ke canza launi ba. Kowane kashi yana buƙatar hoton gaba, hoton baya, da hoto na kusa wanda ke nuna ranar ƙarewa da hatimin murfi. A rubuta lambar kashi a 'yar takarda a ajiye kusa da kayan a cikin hoton, don kada a ruɗe. Bayanin ya zama gajere kuma cikakke, kamar haka: “Kashi na 7. Man jiki mililita 400, sabo, ba a buɗe ba, wa'adinsa watan 11 na bana. Sabulu biyu. Kwalin sabulu ɗaya ya ɗan lotse. Farawa 3,000.” Ga kwalba ko faranti, a nuna duk tsaga ko gogewar fenti, a faɗi ko akwai sauran turare a ciki. Tun da masu saye a yankinmu wasu Hausa suke ji, wasu Fulatanci, wasu Faransanci ko Larabcin Cadi, yana da kyau a bi rubutun da gajeren saƙon murya, amma tayi kansa a rubuce kawai za a karɓa, da lambobi.

Ranar gwanjo

Lokaci yana da tasiri. Ƙarshen wata bayan an biya albashi, makonni biyu kafin ƙaramar salla ko babba, lokacin da bukukuwan aure ke yawaita gabanin azumi, da kwanakin da ke gaban bikin ranar mata ta 8 ga Maris, duk lokuta ne da ake neman kayan kwalliya. A cikin yini kuma, bayan sallar isha'i ne mata suka fi samun sukunin riƙe waya. A sanar da ranar kwana biyu ko uku kafin ta zo, a riƙa sa hotunan a matsayi na WhatsApp, wato status, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, don haka sai an sabunta shi kullum.

A rubuta ƙa'idoji sau ɗaya a maƙale su a saman zaure: lokacin buɗewa da na rufewa, mafi ƙarancin ƙari, wa'adin biya, da wanda zai ɗauki kuɗin aikawa. Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke haddasa rigima idan ba a faɗe su tun farko ba. WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15 ko ya goge shi, saboda haka a bayyana cewa tayin da aka gyara ko aka goge ba ya cikin lissafi. Sannan saƙonni ba sa isa kowace waya a jere ɗaya idan sadarwa ta yi rauni, don haka a ce jerin da ke wayar mai gwanjo shi ne hujja. Idan lokaci ya cika, a rufe zauren yadda shugaba kaɗai ke iya rubutu, a ɗauki hoton allon waya, a sanar da wadda ta yi nasara a kowane kashi da kuɗin da ta taya. Domin hana masu laɓewa su jefa tayi a daƙiƙar ƙarshe, ana iya cewa duk tayin da ya shigo cikin minti biyar na ƙarshe yana ƙara wa kashin minti biyar.

Akwai wata dabara da wasu ke ba da shawararta, wato a sa ƙanwa ko aminiya ta riƙa tayi ba da niyyar saye ba, don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a fili, alhali malamai sun halatta shi kansa cinikin wa-zai-ƙara. eBay ma yana rufe asusun wanda aka kama da shi. A gari kamar Ngaundere ko Kuseri, inda kowa ya san lambar kowa, ba a jima ba ake gane cewa mai ture farashin 'yar gida ce, daga nan kuma babu mai sake tayi. Haka nan idan an sallama wa Hajiya kashi a 7,500, sai wata ta biyo ta bayan fage ta ce, “Yaya, ki ba ni a 9,000,” amsar ita ce, “Ki yi haƙuri, ƙanwata, an riga an sallama.”

Biya ya zama ta Orange Money ko MTN MoMo a Kamaru, ta Airtel Money ko Moov Money a Cadi, cikin awa 24, idan ba a biya ba kashin ya koma ga mai bi mata a tayi. Kada a saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo, domin 'yan damfara suna ƙirƙirar duka biyun. A buɗe asusu da kai a ga kuɗin a ciki. Haka kuma wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko ya nemi lambar sirri, a kashe waya. Bashi ba ya shiga gwanjo ko ga 'yar'uwa, tun da bashi na cikin abubuwan da suka kwantar da jarin tun farko. Ga masu saye daga Mubi ko Yola, a tsayar da farashi a sefa, su nemi canji da kansu, saboda naira tana hawa da sauka.

A cikin gari, a haɗu a wuri sananne da rana ko a aika ɗan acaɓa da aka sani. Zuwa wani gari, kamfanonin safa irin su Touristique Express da Danay Express suna karɓar saƙo. A karɓi rasit, a tura wa mai saye hotonsa, ta je da katin shaidarta ta karɓa. Wurin ɗauri, a naɗe bakin kowace kwalba da salatif, a sa ta a ledarta ita kaɗai, a cusa tsofaffin jaridu ko tsumma har sai kwalin ya daina ƙara idan an girgiza shi. Gilashi da tangaran a naɗe kowane da ƙyalle, murfi daban, jiki daban. Jan baki da mai ba sa son saman mota da tsakar rana, saboda haka a nemi motar dare ko ta asuba, a roƙi ma'aikacin ya sa kwalin a ciki. Daga Kuseri zuwa Njamena sefa iri ɗaya ake kashewa, amma akwai kwastan a gadar Ngeli, kuma kwali babba yana iya jawo tambaya, don haka a yi magana da mai saye a kan wanda zai tsallaka da shi tun kafin a rufe ciniki.

Kashin da bai samu tayi ba a sake ƙulla shi da wasu, a rage farashin farawa, a fitar da shi bayan sati biyu. Idan ya sake zama, a kai wa mai shagon kitso ko mai kwalliyar amare ta saye shi a dunƙule, ko a bayar da shi kyauta tun yana da sauran wa'adi. Kayan da aka ware tun farko saboda sun lalace kuwa, a matse su a cikin shara, a huda robobin ko a yanka bututun kafin a zubar, domin akwai masu tsintar irin waɗannan mazubai su cika su da wani abu su mayar kasuwa da sunan kamfani. Kwalaben gilashi na turare kaɗai za a wanke, a shanya, a haɗa su kashi ɗaya na masu humra a gwanjo na gaba.